Aikin Idon da Ba a Kwana

Ranar da likitan ido ya ce zai cire mini yanar ido, tun daga Zariya har Maƙarfi bakina bai rufu ba. Matar da muka zauna kujera ɗaya a mota ban san ta ba, ba ta san ni ba, amma kafin mu kai Tashar Yari ta san tarihin idona kaf, har da wanda ba ta tambaya ba. Da za ta sauka ta ce Allah ya sa a yi a sa'a, na ga kamar har da addu'ar Allah ya raba ta da ni lafiya.

Ba laifina ba ne. Na daɗe ina fama. Tun kafin in ajiye aikin koyarwa a firamare idon dama ya fara yi mini hazo, tun ina cewa gajiya ce har ya zama duk abin da na kalla kamar ta cikin ledar koko nake hango shi. Zare ya daina shiga allura. Shinkafa in na tsince ta, sai Malam, wato maigidana, ya tauna tsakuwa ya dube ni, kallon nan kuwa ya fi faɗa ciwo. Alƙur'anina na canza zuwa mai manyan baƙi, shi ma ya zo ya gagare ni. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wani suna da aka yi a Likoro, inda na wuce ƙanwar Malam a tsakar gida ban gaishe ta ba, don wallahi ban gane ta ba. Ta ɗauki abin da zafi, ta ce boko ne ke ɗibata. Ga shi idon hagu ma ya fara bin sahun ɗan'uwansa.

To, sai ga likita yana gaya mini cewa aikin ba ya cin lokaci, ba za a ma sa ni barci ba, wurin kawai za a kashe. Da safe a yi, kafin la'asar ina ɗakina. Na sa ya maimaita, ya maimaita yana dariya.

Nas ɗin da ke wurin, wata doguwar mata mai magana ɗaya-ɗaya, ita ta zaunar da ni ta karanta mini sharuɗɗa. Jinina kada ya hau, suga kada ya hau. Ga maganin da zan riƙa ɗigawa. Ranar aiki in zo da wankakken kai, ba hoda, ba turare, ba 'yan kunne, kuma in zo da babban mutum da zai mai da ni gida. Ta ce likitan da ke wannan aikin ba kullum yake zuwa ba, wanda ranarsa ta wuce shi sai ya koma bayan layi, layin kuwa dogo ne. Sannan ta dubi idona da kyau ta ce daga yau in ajiye kwalli har sai sun ce in ɗauka.

Nan ne kawai na ɗan yi turus. Tun ina yarinya ban taɓa taka ƙofar gida ba kwalli ba. Amma wanda zai hau sama ya taka leda ai ya ci gaba, na ce na ji na karɓa. Washegari da na fito tsakar gida da ido fari fat, Malam ya dube ni ya ce ko takabarsa na fara tun yana raye. Na ce ya jira in warke, zan ga furfurar da yake ɓoye mini duk shekarun nan.

Daga nan gida ya koma kamar ana shirin biki. An ce bayan aiki ba ni ba hayaƙi, ba ni ba sunkuyo, ba ni ba ɗaukar abu mai nauyi, don haka na ce duk abin da zai sa in sunkuya gara in gama shi tun yanzu. Na sa aka daka yaji da kuka, aka kai masara inji, na share ƙarƙashin gado, wurin da rabonsa da tsintsiya tun sallar bara. 'Yata da ke aure a Kudan ta ce za ta zo ta karɓi girki. Na fara gwada salla a zaune kan kujera, don an ce sujada ma sai na ɗan jinkirta ta. Gishiri na rage shi har miyata ta zama abin tausayi. Kullum da hantsi ina wurin mai kemis ɗin bakin kasuwa yana auna mini jini, har ya gaji ya ce: "Hajiya, ba gishiri ke tayar miki da jini ba, ɗoki ne. Ki zauna wuri ɗaya."

Ina fa zama. Zani ma sai da na fito da kusan rabin akwati kafin na tsai da wanda zan ɗaura, kamar likitan zanina zai duba.

Saura abu ɗaya. A wajenmu wanda za a yi wa aiki a asibiti ba ya tafiya haka kawai, sai ya zaga dangi ya yi sallama, ya nemi a yafe masa, don ba a san abin da Allah zai yi ba. Ni dai a raina ba neman gafara zan fita ba, shela zan je yi. Amma al'ada ce, na ce in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Likoro na fara, wajen dangin Malam. Lokacin kaka ne, kowane gida ka shiga masara ce shanye a tsakar gida, sai ka bi gefe. Duk ɗakin da na shiga, bayan an gama gaisuwa sai in ce za a yi mini aiki, a yafe mini abin da na yi da wanda ban sani ba. Sannan in ƙara da abin da ya fi yi mini daɗi, cewa ko kwana ba zan yi ba, a ranar za su sallamo ni. Abin mamaki, da zarar na faɗi haka sai in ji ɗakin ya yi tsit. Wata gwaggon Malam ta kama hannuna ta riƙe tana ta salati. Ƙanwar nan tasa da ke fushi da ni tun ranar suna ta rungume ni, ta ce ta yafe mini duniya da lahira, ita ma in yafe mata. Saurin yafiyar har ya ɗan ba ni haushi, don na zo da dogon bayani a bakina ban samu na yi ba. Na dawo da kaji biyu da ƙullin gyaɗa, ina cewa a raina ashe haka mutanen nan ke ƙaunata.

Sai Janfalan, gidanmu, inda mahaifiyata take tare da ƙanena. Inna muke ce mata. Ni ce 'yarta ta fari, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" ce, ko "waccan". Ba ta taɓa yabona a gaban mutane ba, ba ta taɓa zuwa gidana ta zauna ba, ko haihuwa na yi ƙanwarta take turowa. Haka kunyar ɗan fari take, ban taɓa ɗaukarta ƙiyayya ba. Amma duk da jikokina, ban taɓa yin wani babban abu ba tare da ta ce "je ki" ba. Aikin koyarwa da izininta na karɓa, Makka da izininta na je. Ban ma kawo a raina cewa wannan karon akwai abin tambaya ba.

Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ashe waya ta riga ni isowa daga Likoro. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ta ɗago ta kafe ni da ido. Inna ta tsufa ƙwarai, amma idonta ras yake, ya fi nawa. Ta daɗe tana duban fuskata. Na fara zuba, daga yana zuwa likita zuwa maganin ɗigawa, ta bar ni na kai aya.

"Kwana nawa za su riƙe ki?"

"Ko ɗaya, Inna. Da safe a yi, da yamma ina gida."

Ta mai da kanta kan gyaɗarta. "Ban yarda ba."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na sake bayani, wannan karon a hankali, irin yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Na ce zamani ya canza, na ce aikin ƙarami ne, na ce mutane nawa aka yi wa. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Zuciya ta fara ɗibata, ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hawa. Na ji maganganu sun taru a bakina waɗanda ba a faɗa wa uwa, sai na tashi na fita zaure tun kafin su fito.

Can ƙanena ya same ni ina ta huci. Ya bari na gama faɗan da ban iya yi a ciki ba, sannan ya ce: "Yaya, kin manta yadda aka yi da Baba ne?"

Ban manta ba, amma ban gani ba. Lokacin rasuwar mahaifinmu ina wankan jego a Maƙarfi, labari kawai aka kawo mini. Ƙanena ya ce da safe suka kai shi Zariya da shirin kwanaki, da tabarmi da kwanuka da bargo. Likitoci suka shiga da shi, suka duba abin da za su duba, kafin la'asar suka ce a koma da shi gida a ci gaba da addu'a. Bai cika mako ba. Tun daga ranar, a wurin Inna, wanda asibiti ke sa rai da shi gado ake ba shi. Wanda aka sallama a ranar kuwa, an gama da shi ne, ana dai jin nauyin faɗa. Kuma ba ita kaɗai ba, duk tsofaffinmu haka suka san abin.

Ya ce in dubi kaina. Na zo ido ba kwalli kamar mara lafiya, ina bin gida-gida ina neman gafara, ina cewa a ranar za a sallamo ni. Ya ce mutanen Likoro da suka bugo waya kuka suke yi, suna cewa ƙarfin hali kawai nake yi.

Sai a lokacin na gane kajin nan biyu. Dariya ta zo mini, kafin ta fito ta koma wani abu daban, na zauna a dakalin zaure. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, ni kuma na zo ina kaɗa mata tsumman a fuska ina murna.

Na kwana a Janfalan. Da safe na gwada duk dabarar da na sani. Na ce a kira nas a waya ta yi mata bayani, Inna ta ce ba ta magana da wanda ba ta ga idonsa ba. Ƙanena ya je ya zo da wata tsohuwa daga bayan masallaci wadda aka yi wa irin aikin bara, ta dawo a ranar, ga ta nan garau har tana saƙa faifai. Matar ta zauna ta ba da labarinta tiryan-tiryan. Inna ta saurara, ta yi mata barka, ta sa aka kawo mata fura. Da ta tafi sai ta ce: "Ita ai ba ni na haife ta ba."

Wannan ita ce magana mafi kusa da so da na taɓa ji daga bakinta, kuma ta zo mini a ranar da ba na son jin ta.

Na durƙusa na ce mata in ba ta yarda ba, ba zan je ba. Ba dabara ba ce, har zuciyata na faɗa. Na hau mota na koma Maƙarfi, wannan karon ba wanda ya ji muryata a hanya. Gonakin rake na wucewa ta taga kamar koren hayaƙi, ina tunanin ƙila haka zan ci gaba da ganinsu ke nan. Na ji haushin Inna, na ji tausayinta, na ji haushin kaina da ban iya riƙe bakina ba. Malam ya ce kada in yi saurin kiran asibiti in fasa, in bari tukuna. Na ci gaba da ɗiga magani ba don ina sa rai ba, sai don ban san yadda zan daina ba.

Ana gobe aiki, da hantsi, ina zaune 'yata tana tankaɗe, sai muka ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Ƙanena ne ya fara shigowa da tabarmi biyu a kafaɗa. Ya koma ya shigo da bargo, da buta, da bokiti, da kwanuka a ɗaure cikin zani, da fulas ɗin shayi. Bayansa sai ga Inna tana dogara sanda, matar da ta shekara da shekaru ba ta wuce kasuwar Ikara ba, kuma ba ta taɓa taka gidan nan ba.

Malam ya rasa inda zai sa kansa, ya zube yana gaisuwa. Ta zauna a tabarmar da aka shimfiɗa mata, ta sha ruwa, sannan ta yi magana tana duban bango, ba ni ba.

"A je a yi. Amma ni ce mai jinya. Kuma sai sun ba ta gado."

Na buɗe baki zan ce ba a ba da gado, ƙanena ya harare ni, na rufe. Murna ta dawo mini gaba ɗaya kamar an ɓalle famfo. Na rasa abin yi, na shiga ɗaki na fito, na sake shiga, na sa aka yanka ɗaya daga cikin kajin Likoro, na ce ai dama ta sadakata ce, gara in ci da raina.

Da la'asar na tsefe kitso zan wanke kai kamar yadda nas ta ce. Na ɗauko ruwa ke nan Inna ta ce wa 'yata: "Gaya wa waccan ta kawo nan." Na zauna a kan turmi a gabanta, mace mai jikoki, na mai da kai baya don kada ruwa ya shiga ido. Hannunta ba ƙarfi, amma ta bi kan nan lungu-lungu da sabulu, ta ɗauraye, ta tsane da zaninta. Rabon da ta taɓa kaina tun kafin a sa ni makaranta.

Washegari bayan sallar asuba muka kama hanya. Ƙanena na tuƙi, Malam a gaba, ni da Inna a baya, kayan jinya sun cika but ɗin motar har da kan cinyarmu. Ni kaɗai ke surutu. Na lissafa musu abin da zan fara yi in an buɗe idon: in zura allura a gaban shaidu, in koma Alƙur'anina na da, in je Likoro in gaishe da kowa da sunansa tun daga nesa.

A asibiti aka auna jinina, ya yi daidai, na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har mutane suka waiwayo. Doguwar nas ɗin nan ta tambayi wanda ya rako ni, kafin Malam ya motsa Inna ta ce ita ce. Ta jawo nas ɗin gefe, ina jin su. Ta ce ita ba ta san boko ba, amma tana roƙon arziki, a taimaka a ba yarinyar nan gado ko na kwana ɗaya ne, ko a ƙasa ne, sun zo da tabarmarsu. Nas ta dube ni, yarinyar da ake magana, da furfurata. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce: "Mama, gadon na marasa lafiya ne. 'Yarki lafiyarta ƙalau, ido kawai za mu wanke mata. Ki zauna nan ki ga masu fitowa."

Aka sa mini hula da riga, aka ɗiga magani, aka kira ni. Abin da na tuna a ciki kaɗan ne: haske mai ƙarfi, ruwa mai sanyi yana bin gefen fuskata, da muryar likita yana cewa kada in motsa, kada kuma in yi magana. Na biyun ya fi yi mini wuya. Ina jiran a fara ne na ji ya ce an gama.

Na fito da ido ɗaya a rufe da auduga da wani ɗan murfi. Nas ta ce in ɗan huta, sannan mu tafi, gobe mu dawo a buɗe. Na leƙa baranda da idon hagu, sai na hango Inna ta share wani gefe ta shimfiɗa tabarma da bargo, ta jera buta da kwanuka a bakin bango, har da matashi. Tun da sun hana gado, ta yi nata.

"Kwanta," ta ce.

Na ce Inna an sallame mu. Ta ce ita ba ta sallame ni ba. Na kwanta a barandar asibiti, mutane na wucewa suna kallo, Malam da ƙanena suka koma gindin bishiya kamar ba su san mu ba. Ta zauna a gefena, ta zuba mini shayi, ta sa na cinye abin da ke cikin kwano. Jifa-jifa sai in ji hannunta a goshina. Masu ido ɗaya a rufe irina suna ta fitowa, wani na waya, wata na cinikin ayaba a bakin ƙofa, ita kuwa tana bin kowannensu da kallo har ya ɓace.

Sai da aka kira la'asar ta ce in tashi. Ƙanena ya matso zai kama ni, ta ɗaga masa sanda.

"Bar ta. Ke, taka in gani."

Na miƙe, na gyara zanina, na taka daga baranda har inda motar take, ba wanda ya riƙe ni. Na juyo. Tana nan tsaye inda na bar ta, ta dafa sanda da hannu biyu. Na dawo wurinta, don na ga bakinta na motsi.

"Shi babanku ɗauko shi aka yi," ta ce. "Mutum huɗu."

Ta goge fuskarta da bakin mayafi. Sannan ta sunkuya da kyar ta naɗe tabarmar da kanta, ta hana kowa taɓawa, ta ce wa ƙanena ya tayar da mota mu tafi gida tun da sauran rana.